A ina zan koyi zana ƙaramin jirgin sama da ƙera shi har ya tashi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon sana'a a Zariya. Na ƙera jirgin sama da kwali da gwangwani, tsawonsa ya kai mita ɗaya, na yi shi da siffar jirgin fasinja, na sa masa motar tsohuwar DVD da batirin waya. Farfelar tana juyawa, yana ɗan gudu a ƙasa, amma ko taku ɗaya bai taɓa ɗagawa sama ba. Ina so in san inda ake koyon wannan ilimi: wane littafi, wane shafi, wace manhaja? Ba ni da kuɗi sosai, Turancina kuma tsaka-tsaki ne."

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da kake nema shi ne hanyar karatu da za ta kai ka daga jirgin kallo zuwa jirgin da ke tashi, kuma wanda kai ka zana shi. Kayan karatun suna nan birjik, mafi yawansu kyauta. Abin da ke kayar da masu koyo shi ne jerin da suke bi. Sana'o'i uku ne a cikin wannan harka: tuƙi, ƙira, da zane tare da lissafinsa. Kusan kowa da na ukun yake farawa, alhali shi ne na ƙarshe. Idan ka zana jirgi da kanka, ka ƙera shi da kanka, ka tuƙa shi ba ka iya tuƙi ba, ya faɗi, babu yadda za ka san wanne daga cikin ukun ya kayar da shi. Shi ya sa nake sa mai koyo ya raba su: ya koyi tuƙi a kwamfuta, ya koyi ƙira a kan zanen da wasu suka riga suka gwada, sannan ya shiga zanen kansa. Ɗan koyon ɗinki ma sai ya daɗe yana yanka a kan awon maigidansa kafin ya fitar da nasa salon.

Kafin mu je nan, ga dalilin da naka bai tashi ba, domin a ciki akwai rabin darasin. Jirgi mai nauyin giram 800 yana bukatar ƙarfin wuta kimanin wat 100 zuwa 130 kafin ya tashi cikin natsuwa. Motar DVD 'yan wat kaɗan take bayarwa, batirin waya kuma ba a yi shi don a ja masa wuta mai yawa lokaci guda ba. Na biyu, gwangwani da kwali suna da nauyi. Na uku shi ne siffar. Jirgin fasinja an zana fikafikansa sirara, masu karkata baya, domin gudun da ya haura kilomita 800 a awa. Idan ka rage girmansa ka bar siffar yadda take, fiffiken ya yi ƙanƙanta ga nauyin, wutsiyar ma haka, sai ya bukaci gudun da ba zai samu ba. Jirgin koyo mummuna ne a ido: jiki kamar akwati, fiffike miƙaƙƙe mai faɗi a saman jiki, wutsiya babba. Haka ake so.

Fara da wanda ba shi da inji

Darasin da ya fi kowane littafi arha shi ne ƙaramin jirgin jifa. Samo farin fom mara nauyi, irin na farantin abinci ko wanda ake naɗe kayan lantarki da shi. Yanke fiffike mai tsawon santimita 40 da faɗin santimita 8. Jiki ka yi shi da siririn kara ko tsinken tsire mai tsawon santimita 30. Wutsiyar kwance santimita 15 da 5, ta tsaye kuma kamar rabinta. Ɗaga bakunan fiffiken sama kaɗan, kamar santimita 2 kowane gefe. Sa ɗan ƙullin cingam ko ƙaramin noti a hanci, ka riƙa ƙarawa da ragewa har jirgin ya daidaita a kan yatsu biyu a wajen santimita 2 da rabi daga goshin fiffiken. Jefa shi a hankali, hanci ɗan ƙasa-ƙasa, a wurin da babu iska.

Idan ya ɗaga hanci, ya tsaya, ya faɗo, ya sake ɗagawa, nauyin ya yi baya. Idan ya nutsa kai tsaye, nauyin ya yi gaba ko kuma fiffiken ba shi da kusurwa a kan wutsiya. Idan kullum gefe ɗaya yake karkata, fiffike ya murɗe. Yini guda na wannan wasa zai koya maka cibiyar nauyi, wato wurin da jirgin yake daidaita a kan yatsu, fiye da yadda karatu zai yi, kuma cibiyar nauyi ita ce ta fi kashe jiragen masu koyo. Jirgin da nauyinsa ya ɗan yi gaba yana tuƙuwa, sai dai ya sauka da gudu. Wanda nauyinsa ya yi baya ba ya tuƙuwa sam, ko a hannun gwani.

A daidai wannan lokaci ka fara koyon tuƙi a manhajar kwaikwayo. PicaSim kyauta ce, tana aiki a kwamfuta da wayar Android. RealFlight ta fi kyau amma ta kuɗi ce kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Taɓa gilashin waya ba ya koyar da yatsu yadda ya kamata, don haka abin da za ka fara saya, tun kafin mota da batir, shi ne rimot na gaske mai tasha 2.4GHz, kamar FlySky FS-i6, tare da wayar USB da ke haɗa shi da kwamfuta. Zaɓi wanda sandar ba da wuta take hannun hagu, domin akasarin darussan da za ka gani a kan wannan tsari aka yi su. Abin da ake koyo a nan abu ɗaya ne mai wuya: idan jirgi ya fuskanto ka, dama da hagu suna juyewa. Sai ka kai matsayin da za ka sauke shi a wuri ɗaya sau goma a jere ba tare da ka tsaya tunani ba.

Ƙera zanen wani, yadda yake

Ga mai farawa, babu tashar YouTube da ta kai Flite Test amfani. 'Yan jihar Ohio ne a Amurka, sun fara a 2010, kuma sun gina komai a kan allon fom mai takarda ciki da waje, da gam mai zafi, da tsinken tsire, da salatif. Zanen tsofaffin jiragensu kyauta ne a PDF, kowanne da bidiyon ƙira daga yankan farko har tashi. Nemi FT Tiny Trainer, wanda ake iya fara shi a matsayin jirgin jifa sannan a sa masa mota daga baya, ko FT Simple Cub. Maganar Turanci kada ta dame ka a nan, aikin hannu ne kake gani da ido. Rage gudun bidiyon, ka kunna rubutun ƙasa, ka sauke shi a waya lokacin da data take da sauƙi domin za ka maimaita kallonsa.

Wurare biyu ake samun matsala. Na farko wajen buga zanen. An raba shi shafi-shafi don a haɗa da salatif, kuma takardar Amurka milimita 216 da 279 ce, tamu ta A4 kuwa 210 da 297. Mai shagon buga takardu zai bar injin ya daidaita girman da kansa, sai kowane yanki ya ragu da ɗan kaso. Ka ce masa a buga a kashi 100 cikin 100, sannan ka ɗora rula a kan ma'aunin da ke jikin zanen kafin ka yanka komai.

Na biyu shi ne fom ɗin. Wanda suke amfani da shi kaurinsa wajen milimita 5 ne, nauyinsa kuma kimanin giram 300 a murabba'in mita. Wanda ake samu a shagunan masu zane da masu buga alluna sau da yawa ya ninka haka. Illar ba ƙarin nauyi kaɗai ba ce. Mafi yawan jikin jirgi yana bayan cibiyar nauyi, saboda haka fom mai nauyi yana jawo nauyin baya, sai ka ƙara dalma a hanci, nauyi ya sake ƙaruwa. Maganin shi ne ka auna allon kafin ka saya, ka ɓare takardar ciki a ɓangaren wutsiya, ka tsawaita hanci da santimita 2 ko 3 domin batir ya matsa gaba. Ma'aunin girki na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya yana cikin kayan aikin dole. Idan allon bai samu ba, farin fom na kwalin firij yana yi: ana yanka shi da zaren waya mai zafi, a goge da sanfefa, a lulluɓe da salatif mai faɗi. Sai dai ka kiyaye, sufa gulu da fentin feshi da fetur duk suna narkar da shi. Farin gam na kafintoci, ko efoksi, ko gam mai zafi da ya ɗan huce su ne abokansa.

Akwai kuma Outerzone, rumbun dubban tsofaffin zane-zane kyauta, yawancinsu na katakon balsa. Balsa tana da wuyar samu da tsada a wajenmu, amma ka riƙa buɗe zanen kana nazari. Ɗauki jiragen koyo biyar, ka auna tsawon fiffike da faɗinsa, girman wutsiya, nisan wutsiya daga fiffike, da inda aka sa alamar cibiyar nauyi. Za ka ga alƙaluman suna kusa da juna duk da cewa mutane daban-daban suka zana su a shekaru daban-daban. Daga nan zane yake farawa. Idan ka maƙale, dandalin RCGroups ya tara tambayoyin fiye da shekara ashirin. Yi bincike a ciki tukuna, idan kuma za ka yi tambaya, sa hoto, da nauyi, da girman fiffike, da sunan mota da farfela. Ba a iya amsa "jirgina ya ƙi tashi" da komai.

Littattafai da lissafin da ke cikinsu

Littattafai biyu sun isa shekarunka na farko. Basics of R/C Model Aircraft Design na Andy Lennon, wanda ya fito a 1996, shi ne na aiki: yadda ake zaɓar girman fiffike, girman wutsiya, wurin cibiyar nauyi, da jadawalai masu yawa. Awonsa na inci da oza ne, misalansa kuma na injin mai ne, amma ka'idojin ba su canza ba. Model Aircraft Aerodynamics na Martin Simons, wanda aka fara bugawa a 1978, shi ne na fahimtar dalili: me ya sa iska take yin abin da take yi a kan ƙaramin fiffike. Ya fi nauyin karatu, don haka ka bar shi sai ka tashi jirgi ɗaya ko biyu, a lokacin ne za ka gane abin da yake nufi. Na kyauta kuma akwai shafin NASA mai suna Beginner's Guide to Aeronautics, da Turanci mai sauƙi irin na 'yan sakandare, da littafin matuƙa na FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, Pilot's Handbook of Aeronautical Knowledge, wanda babobinsa na farko-farko suke bayanin ƙarfi huɗu da ke aiki a kan jirgi da zane masu kyau. Manyan littattafan jami'a irin na Daniel Raymer ka ajiye su gefe yanzu, na jiragen da ke ɗaukar mutane ne.

Rubuta waɗannan a bangon littafinka: inci ɗaya milimita 25.4, oza ɗaya giram 28.35. Idan sun ba da nauyin da ke kan fiffike da oza a murabba'in ƙafa, ninka da 3.05 ka samu giram a murabba'in desimita, wato fili mai santimita 10 da 10.

Bari in yi maka zane ɗaya daga farko, ka ga lissafin bai wuce na aji uku na sakandare ba. Muna son jirgin koyo mai giram 800 da komai nasa. Jirgin koyo na fom yana son giram 25 zuwa 35 a kowane murabba'in desimita na fiffike. Fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin 20 yana ba da murabba'in santimita 2400, wato murabba'in desimita 24. Raba 800 da 24, ka samu 33. Ya shiga. Tsawon ya ninka faɗin sau 6, wanda ya dace, domin tsakanin 5 da 6 ake so: idan ya fi haka sirantaka yana son ƙashi mai ƙarfi, wato sandar da ake sawa cikin fiffike don ta riƙe shi, idan ya fi gajarta yana jan iska. Irin wannan fiffike zai daina ɗaukar nauyin jirgin idan gudu ya sauka ƙasa da kimanin mita 7 da rabi a daƙiƙa, kusan kilomita 27 a awa. Wannan gudun da tushen murabba'in nauyi yake tafiya: idan nauyi ya ninka biyu, gudun saukar zai ƙaru da kashi 41 cikin ɗari.

Wutsiyar kwance ta zama kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na filin fiffike: santimita 40 da 13 sun ba da 520. Ta tsaye kimanin kashi 10, wato 240. Nisa daga rubu'in farko na faɗin fiffike zuwa rubu'in farko na wutsiya ya kai faɗin fiffike sau biyu da rabi zuwa uku, mu ce santimita 55. Akwai lamba ɗaya da littattafan suke amfani da ita don tantance wutsiya: ninka filin wutsiya da nisanta, ka raba da filin fiffike da aka ninka da faɗinsa. A nan 520 sau 55, a raba da 2400 sau 20, ya ba da 0.6. Daga 0.4 zuwa 0.6 lafiya lau ne, kuma ga mai koyo gara ta sama. Hanci ya fito gaban fiffike da santimita 20 zuwa 28. Cibiyar nauyi tsakanin santimita 5 da 6 da rabi daga goshin fiffike, tashin farko kuma a fara da 5.

Idan jirgin da marfin wutsiya kaɗai, wato ɓangarenta na baya mai motsi, zai riƙa juyawa, ba shi da marafan fiffike, dole bakunan fiffiken su ɗago, digiri 5 kowane gefe, wato kimanin santimita 5 a kowane baki. Wannan ɗagowa ita ke mayar da jirgi daidai idan ka saki sanda, ita ce kuma ke sa ya karkata ya juya idan ka motsa marfin wutsiyar tsaye. Motar a karkatar da ita digiri 2 zuwa 3 ƙasa da kuma dama, da washa, wato ƙaramin zoben ƙarfe, ɗaya ko biyu a bayan mazauninta, domin jirgi mai fiffike a sama yana ɗaga hanci idan aka ba shi wuta, juyin farfela kuma yana jan sa hagu. Marafan su motsa santimita 1 zuwa 1.2 kowane ɓangare, ba fiye ba. Masu koyo suna son motsi mai yawa, shi ne kuma yake sa jirgi ya riƙa fizga.

Siffar yankan fiffike, wato abin da za ka gani idan ka yanka shi gaba zuwa baya, a nan mutane suke ɓata watanni a banza. Clark Y, wadda aka fitar tun 1922, mai shimfiɗaɗɗen ciki da kauri kimanin kashi 12 cikin ɗari na faɗi, ta ishe ka. Ko allon fom da aka lanƙwasa a kan ƙashi yana tashi. Ƙashin shi ne abin kula: bututun kabon na milimita 6, ko siririn katako mara ƙulli, ko tsagin gora busasshe, a sa shi a wajen kashi 30 cikin ɗari daga goshi. Gwada shi ta ɗora bakunan fiffiken a kan kujeru biyu jirgin yana rataye da cikakken nauyinsa. Idan ya lanƙwashe sosai a nan, zai naɗe a sama ranar da ka ja sanda da ƙarfi.

Manhajoji, da iyakarsu

Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign tana da rumbun siffofin fiffike sama da 1,500 wanda Farfesa Michael Selig ya tara, kyauta. XFOIL, wadda Mark Drela na jami'ar MIT ta Amurka ya rubuta a shekarun 1980, tana lissafa yadda siffa ɗaya take aiki a iska. XFLR5 an gina ta a kan XFOIL, ta ƙara nazarin fiffike da wutsiya gaba ɗaya, tana kuma nuna maka iyakar bayan da cibiyar nauyi ba za ta wuce ba. Ka'ida ita ce a sa cibiyar gaban wannan iyaka da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na faɗin fiffike. Ga fiffike miƙaƙƙe ba ka bukatarta, amma ranar da ka so yin mai karkata baya ko jirgi mara wutsiya, ba makawa. Don fitar da zane, Inkscape ko LibreCAD ko FreeCAD duk kyauta ne, takarda mai gida-gida da fensir ma sun wadatar.

Wata lamba da za ka yi ta cin karo da ita ita ce ta Reynolds. A sauƙaƙe, ninka gudu da mita a daƙiƙa, da faɗin fiffike da mita, da kimanin 68,000. Namu a gudun mita 10 ya ba da wajen 136,000, babban jirgin fasinja kuwa miliyoyi da dama. Ƙasa da 100,000 iska tana saurin rabuwa da bayan fiffike mai kauri, shi ya sa siffar da ke aiki a babban jirgi take ba da kunya a ƙarami, kuma shi ya sa jirgi mai santimita 120 ya fi mai 60 sauƙin tashi da tuƙi. Kada ka ɗauka ƙarami shi ne na koyo.

Manhaja tana ɗauka fiffikenka sumul yake, daidai da zane har milimita. Na fom da aka yanka da reza ba haka yake ba. Lambobin da za ta ba ka na kwatanta zaɓi biyu ne, ba alƙawari ba ne, kuma ta fi yin kuskure a daidai inda ka fi bukatarta, wato gab da fiffike ya daina ɗauka. Littafi ma ba zai gaya maka cewa fiffikenka na hagu ya murɗe ba. Wannan sai ido: tsaya bayan jirgin taku uku, ka dube shi daga wutsiya, ka ga ko bakunan biyu suna kwance iri ɗaya.

Kayan lantarki

Ga jirgin da muka lissafa, haɗin da aka fi sani shi ne mota mara burushi A2212 mai 1000KV, farfela 10x4.5, na'urar ESC, wadda ke sarrafa gudun mota, mai amfiya 30, batir LiPo mai sel uku 2200mAh, da sarbo biyu masu giram 9, wato ƙananan injinan da ke motsa marafai. Wannan haɗi yana jan amfiya 12 zuwa 13 a cikakkiyar wuta, wato kimanin wat 130, yana tunkuɗa kusan nauyin jirgin. KV na nufin juyi nawa a minti ga kowane bolt. Mota mai KV babba ƙaramar farfela take so. Idan ka ɗora farfelar inci 10 a kan mai 2200KV, za ka ƙona motar ko ESC cikin ɗan lokaci. Shafin eCalc yana lissafa irin wannan haɗi kafin ka saya, ƙaramar mitar wat da ake sawa tsakanin batir da ESC kuma tana gaya maka gaskiyar abin da ake ja. Lokacin tashi: ɗauki kashi 80 cikin ɗari na batirin, 1760mAh, wato 1.76Ah, ka raba da matsakaicin amfiya 8, ka ninka da 60, ka samu minti 13. Saita agogo a minti 8 a tashin farko.

LiPo ba ta yafe sakaci. Sel ɗaya cikarsa bolt 4.2, kada ya sauka ƙasa da 3.5, idan za a ajiye kwanaki a bar shi a 3.8. Caji da cajar da ke daidaita sel-sel, a amfiya 2.2 ga wannan batir, a kan siminti, kana wurin. Wadda ta kumbura ko ta lotse a daina amfani da ita. Mutane suna gwada sel 18650 na tsohuwar laftof saboda sauƙin samu, amma waɗannan 'yan amfiya kaɗan suke iya bayarwa, wutar sai ta faɗi da zarar an tashi, risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, ta ɗauke. Idan 18650 za ka yi, sai irin masu ba da amfiya 20 kamar Samsung 25R, kuma jabu sun cika kasuwa. Haɗa wayoyi da dalma kuwa, zauna wurin mai gyaran rediyo ko waya na 'yan kwanaki, ya fi bidiyo. Duk lokacin da kake saiti a kan tebur, cire farfela. Ka kuma saita risiba ta kashe mota idan sigina ya yanke, ka gwada ta hanyar kashe rimot kana riƙe da jirgin.

Sauran ƙananan kaya suna kusa da kai: tsohon katin ATM don yanka ƙahonnin marafai, filawud na milimita 3 don mazaunin mota, siririyar wayar ƙarfe ta milimita 1 zuwa 1.2 don sandunan turawa da ke haɗa sarbo da ƙahonnin, da robar ɗaure kuɗi guda huɗu zuwa shida don riƙe fiffike, yadda idan ya bugi ƙasa zai zame maimakon ya karye.

Abin da darussan waje ba za su gaya maka ba

Zafi yana rage kaurin iska. A Kano ko Zariya da ranar bazara mai digiri 40, iskar ta fi wadda littattafai suke lissafi da ita sirantaka da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, don haka jirgi yana bukatar ƙarin gudu kimanin kashi 7, farfela kuma tana tunkuɗa ƙasa da abin da aka rubuta. A Jos, da tsayinta ya kai mita 1,200, haka abin yake ko da sanyi. Bar rarar ƙarfi a lissafinka. Gam mai zafi yana saki idan jirgi ya zauna a rana ko cikin rufaffiyar mota, saboda haka mazaunin mota da sarbo a kama su da efoksi. Takardar jikin fom tana ɓarewa da damina idan ba a rufe ta da salatif ba. Lokacin tashi shi ne bayan asuba zuwa hantsi, kafin iska ta taso, musamman da hunturu. Kullum a jefa jirgi yana fuskantar iska, a sauke shi yana fuskantarta.

Sai doka, kuma ba abin wasa ba ce a halin tsaron da ake ciki. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi mara matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Duba ƙa'idojinta na yanzu kafin ka fita, kada ka kusanci filin jirgi, bariki, ko taron jama'a. Kai da kake Zariya ka tuna jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, suna shawagi ƙasa-ƙasa a kewayen garin kullum. Hanya mafi aminci ita ce ka yi aikin a ƙarƙashin makarantarku, da takardar shugabanta, a filin da hukuma da mai unguwa suka sani. Idan kuma so kake abin ya zama sana'a, Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna tana koyar da injiniyancin jiragen sama, daga can ne kuma jirgi mara matuƙi mai suna Gulma ya fito a 2013.

Bayan jirgin farko ya tashi, kada ka tsallaka zuwa sabon zane gaba ɗaya. Canza abu ɗaya a jikinsa: ƙara tsawon fiffike da santimita 15, ko rage wutsiya da kashi 10 cikin ɗari, ko matsar da batir baya da milimita 5. Kafin ka tashi, rubuta a littafi abin da lissafi ya ce zai faru, da nauyin jirgin da wurin cibiyar nauyinsa a ranar. Bayan ka sauka, rubuta abin da ya faru a zahiri. Idan hasashenka ya fara dacewa da abin da kake gani a canje-canje uku ko huɗu a jere, ɗauki alƙaluman jirgin santimita 120 da na ba ka, ka zana shi a takarda da girmansa na gaske, ka fara yin kwafinsa na jifa mai kashi ɗaya bisa uku don tabbatar da cibiyar nauyi, sannan ka yanka fom.